Kada Ka Zama Kawu

Fenti da tayil kamfanin yake sayarwa, kuma Kawu ne mai kula da sito tun ginin bai wuce ɗaki uku ba. Shi ya samar wa 'yar ƙanwarsa aiki da ta gama karatu, ya yi ta bin ofis-ofis yana durƙusa wa yaran da ya girme wa, har aka ba ta kujera a sashen talla. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka Uwata yake kiranta. Ita kuma tana ce masa Kawu, har ma'aikata suka ara, sunansa na yanka ya ɓata.

Ana nan sai aka kawo sabon manaja, matashi mai ɗamammiyar kwat da dariyar yaƙe. Ya tara mutane ya ce zamanin biro da takarda ya wuce. Aka raba wa kowa kwamfutar hannu mai manhajar da za a riƙa shigar da kaya da fitar da su. Ya kafa taro duk Alhamis, ya sa masa suna Dandalin Sababbin Dabaru, ya naɗa Uwata Jagorar Canji.

Mutane suka ƙi abin a ɓoye. Direbobi su ce caji ya ƙare, masu lodi su ce hannunsu duk fenti. Ranar Alhamis a zauna zugum, kowa na kallon takalminsa.

Manaja ya kira Uwata ofis. "Ni ba na son labari," ya ce. "In ba su karɓa ba, ke ce kika gaza. Ki sa su dariya, ko ki sa su jin kunya. Duk wanda ya fi miki sauƙi."

Ta sauka sito don ta koya wa Kawu. Ta same shi tsakanin bokitan fenti, ya miƙar da kwamfutar nesa da fuskarsa yana ƙanƙance ido. Ya lashi yatsa kamar zai buɗe shafi, ya goga a gilashin. Kyamara ta buɗe, hancinsa ya cika allon.

"Subhanallahi! Wane ne wannan mummunan?"

Uwata ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ciro waya ta ce ya sake. Ya sake, shi ma yana dariya.

"Ki kai wa uwarki ta gani," ya ce. "Ta daɗe ba ta yi dariya ba."

Ba uwarta ta kai wa ba. Ranar Alhamis ta haska hoton a bangon ɗakin taro. Ɗakin ya ruɗe. Direbobi na dukan tebur, akawu na share hawaye. Kawu yana zaune a layin baya, hularsa a gwiwa. Da aka juyo ana kallonsa, sai ya yi murmushi ya ɗaga hannu, don bai san abin da zai yi da fuskarsa ba.

Abin ya ci. Aka buga manyan hotuna aka manna a bakin ƙofa da ɗakin cin abinci, har da bayan ƙofar bayi: fuskar Kawu, yatsa a baki, a ƙasa an rubuta KADA KA ZAMA KAWU. Kafin wani lokaci kowa ya iya manhajar. Duk wanda ya danna ba daidai ba sai a ce, "Wane ya kawunce." Masu lodin da ke gaishe da Kawu a durƙushe suka koma lasar yatsa in ya wuce.

Hoton ya fita daga kamfani. Wata rana babbar 'yarsa ta dawo daga makaranta ta shige ɗaki ta ƙi fitowa. Matarsa ta ce, "Malam, ka bar musu aikin nan."

"In bari in je ina, da furfurar nan? Ƙannenta fa?"

Sai ya tafi asibitin ido. Ashe ba kansa ne ya toshe ba, ƙananan rubutu ne ya daina gani. Aka yanka masa tabarau. Ya lallashi 'yar ta riƙa zama da shi a tsakar gida ranakun hutu, tana nuna masa yana dannawa. In an tafi cin abincin rana a wurin aiki, shi yana sito yana maimaitawa.

Da ya tabbatar ya iya, ya aika a kira Uwata. Ya sa tabarau, ya shigar da lodin mota guda a gabanta, bai yi kuskure ba.

"Kin gani? Yanzu sai ki ce su cire hotunan nan. 'Yar'uwarki ba ta iya ɗaga kai a aji."

Uwata ta fita daga sito. Ta hau sama da sauri ta faɗa wa manaja, ta ce a ɗauki sabon hoto a nuna har Kawu ya iya.

Manaja bai ɗago daga wayarsa ba. "Wa ya ce ya iya? Masu kamfani za su zo buɗe sabon reshe, kuma Kawu suke son gani ido da ido. Bari in gaya miki gaskiya, sito ba ya buƙatarsa yanzu. Hoton nan ne yake riƙe da shi. In ya iya, me zan yi da shi?"

Ita aka bar wa saƙon. Ta tsaya a bakin sito tana ta kewaye-kewaye, ta ce wasa ne kawai, na ɗan lokaci ne. Kawu ya saurara har ta gama. Ya cire tabarau, ya naɗe, ya sa a aljihu.

"To, ranki ya daɗe. Ƙarfe nawa za a zo ɗaukata?"

Ranar bikin aka ɗora shi a kan dandamali, aka ba shi kujera da kwamfuta. Uwata ce riƙe da lasifika. Ya miƙar da kwamfutar nesa, ya lashi yatsa, ya goga. Ya san inda kyamarar take sarai, ya danna ta. "Wane ne wannan mummunan?" ya ce. Masu kamfani suka tafa, wata a cikinsu ta nemi a ɗauke su hoto tare, ta ce ya bar yatsan a baki.

Aka ƙara wa Uwata girma, aka ba ta ofis mai labule. Aka riƙa yawo da Kawu reshe-reshe a bayan motar kaya, tare da lasifikoki da kujerun roba. Ya daina zuwa gidan ƙanwarsa. Da ta tambayi 'yarta dalili, sai ta ce aiki ne ya yi masa yawa.

A wani reshe dariyar ta ragu, don kowa ya riga ya gani a waya. A hanyar dawowa manaja ya juyo daga kujerar gaba ya dubi Uwata.

"Abin nan ya fara sanyi. Ke ce mai dabaru. Ko a sa ya faɗo daga kujera?"

Uwata ta waiwaya. Motar kaya na biye da su, Kawu a baya ya riƙe hularsa da hannu ɗaya don kada iska ta ɗauke.

"Ya tsufa, yallaɓai."

"Shi ya sa zai ba da dariya."

Suka wuce shataletale. Sannan ta ce, "Akwai wata kujera a ɗakin taro mai tsagaggiyar ƙafa. Zan sa a ajiye ta."