Shanun Adda Sun Shiga Ɗaki

Ciwon gwiwa ne ya raba Adda da Gwiwa. Duk wanda ya ji haka sai ya yi dariya, ita kuwa ba ta taɓa ganin abin dariya a ciki ba. Bafulatana ce doguwa, siririya kamar sandar kiwo, wadda ta yi rayuwarta kaf a wata ruga bayan garin Gwiwa, tsakanin shanu da ƙwarya. Da ƙafa ta fara yi mata gardama, ɗanta Musaddiƙ ya je da mota ya ɗauko ta zuwa gidansa a Kazaure. Shanun kuma aka bar su a hannun ƙaninta Daudu.

Shi Musaddiƙ ma'aikacin sashen gine-gine ne, irin mutanen nan da in suka ga fili babu gini sai jikinsu ya hau ƙaiƙayi. Kafin ya kawo ta sai da ya gina mata ɗaki na gani na faɗa: tayil, silin, fanka, banɗaki a ciki, ga ƙofar ƙarfe mai nauyi. Tsakar gidan ma ya shimfiɗe shi da bulon intalok daga bango zuwa bango, ko ciyawa ba ta samun wurin leƙowa. Duk wanda ya zo gaishe ta sai ya ce, "Adda, kin huta." Ita kuma ta ce, "Alhamdu lillahi."

Gaskiyar magana kuwa, kewar shanunta ce take cin ta. Tana kewar warinsu da asuba, da ɗumin cikin saniya a goshinta lokacin tatsa. Amma wa za ta gaya wa? Musaddiƙ ɗan fari ne. A hannun kakarsa ya tashi, shi ya sa ma yake ce mata Adda kamar wata yayarsa. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Fulako ke nan, kunyar nan ta Fulani, kuma Adda ba ta wasa da shi. Ko yana tsaye a gabanta, matarsa take juyawa ta kalla ta ce, "Bahijja, ki gaya wa mutumin nan." Shi ma ya saba, ta wajen Bahijja yake mayar da amsa. Baiwar Allah ta zama kamar tafinta a kotu, alhali duk Hausa ɗaya ake yi.

Wata rana da hantsi Adda tana kishingiɗe sai ta ji kukan saniya a cikin gidan. Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Gwiwar da ake lallaɓawa da man zafi ta manta da ciwonta, sai ga tsohuwa a falo tana waige-waige. Babu kowa sai Bahijja a kan kujera da waya a hannu.

"Ina take?"

"Wa, Adda?"

"Saniyar da ta yi kuka."

Bahijja ta danne dariyarta ta miƙo wayar. Wasan gona ne. Ga masara, ga kaji, ga wani shinge na katako da shanu a ciki suna kaɗa jela. Adda ta kawo fuskarta kusa, ta ja da baya, ta sake matsowa.

"Wannan ce saniya? Ina tozon? Ina ƙahon? Wannan ai akuya ce ta ci ta ƙoshi."

Ta faɗi haka, amma ba ta mayar da wayar ba sai da aka kira azahar.

Da Bahijja ta ga abin ya zama kullum, sai ta bar mata tsohuwar wayarta da gonar a ciki. Adda ba ta karanta boko, balle Turancin da wasan yake yi, amma yatsa ba ya buƙatar makaranta. Ta koyi jan ciyawa zuwa bakin saniya, ta koyi jan bokiti. Masara da kaji kuwa don dole take kula su, saboda an ce sai da su ake samun abincin shanu. Da ta idar da sallar asuba sai ta fito bakin ƙofa da tabarmarta, ta buɗe waya ta duba garke. Ta san wadda take rigan kwanciya, ta san mai yawan kaɗa kunne, duk da Bahijja ta rantse cewa zane ɗaya ne aka maimaita. Akwai wata mai farin goshi, ita ta sa wa suna Wule, sunan saniyarta ta gaske da ke wurin Daudu. In ta ga suna tuƙa sai hankalinta ya kwanta, don saniya mai tuƙa lafiyarta ƙalau.

Maƙwabciyarsu Ma'u, wata Babarbariya mai bakin tsiya, ita ta fi kowa jin daɗin wannan lamari. Tsakanin Barebari da Fulani dama ba a raga wa juna.

"Oho, Fillo an koma kiwon gilashi! Yau kindirmo za a sayar mini ko man shanu?"

"Ki kawo ƙwaryarki," in ji Adda ba tare da ta ɗago ba. "In Babarbare ya san ƙwarya."

Abu ɗaya ne yake ɓata mata rai a wasan. Wata kibiya ce ruwan ɗorawa da ta tsaya a saman shingen tana tsalle, dare da rana ba ta gajiya. Adda ta yi haƙuri da ita har ta gaji, ta tambayi Bahijja me take nema.

"Cewa take ki ɗaga garken, Adda. Kin ga katako da ƙusoshin nan da kike samu in kin yi girbi? Sun taru sun yi yawa. In kin danna koren nan sai a rushe shingen a gina musu ɗaki."

"Ɗaki?" Adda ta dube ta sosai. "Laifin me suka yi?"

"Ba laifi ba ne. Ci gaba ne. Za su fi ba da nono."

"A wurinmu maraƙi marar lafiya kaɗai ake shigarwa ɗaki. Ki ce mata mun gode."

Kibiya dai ba ta ji ba, ta ci gaba da tsallenta. Adda ta koyi ɗora babban yatsa a kanta tana kallon shanunta ta gefe.

Ranar wata Asabar aka yi suna a gidan Ma'u. Adda ta jona wayar a caji a falo, ta dafa kafaɗar Bahijja suka tafi. Musaddiƙ yana gida shi kaɗai, ba aiki. Abin da ya faru bayan fitarsu ba ya buƙatar mai ba da labari. Mutumin da fili yake sa shi ƙaiƙayi ya ga kibiya tana tsalle a kan shinge, ga katako jibge, ga ƙusa, ba kuma mai hana shi. Ya danna kore sau ɗaya, ya ga abin ya yi kyau. Wata kibiyar ta fito, ya sake dannawa. Bai tsaya ba sai da katakon Adda ya ƙare tas.

Da la'asar suka dawo, Ma'u ta rako su da kwanon waina. Suka tarar da shi a tsakar gida yana murmushi har kunne, kamar yaron da ya ci jarrabawa.

"Bahijja, ki ba Adda wayarta. Ki ce na ɗan yi mata gyara."

Adda ta zauna a tabarma ta karɓa. Inda shingenta yake, wani ƙaton jan gini ne ya tsaya, da rufin kwano mai walƙiya, da ƙofa a rufe. A gefensa wata na'ura tana turo kwalaben madara a jere. Kibiyar ta tafi. Shanun ma haka.

Adda ta kawo wayar kusa da fuskarta. Ta sa yatsa ta ja gonar gefe, ta duba bayan ginin. Ta duba cikin masara, don ta san halin saniya da masara. Ta gangara bakin rafi, ta hau har inda gonar ta ƙare, hazo ya rufe. Gabanta yana faɗuwa irin faɗuwar da yake yi a ruga in an dawo kiwo ba a ga wata ba. Ta san wasa ne, ba yarinya ba ce. Sanin bai hana ta ci gaba da nema ba.

"Bahijja, ki tambayi mutumin nan ina shanuna."

"Ki ce mata suna ciki," in ji Musaddiƙ, yana matsowa da zumuɗi. "Ki nuna mata. Wannan shi ne matakin ƙarshe, babu wanda ya fi shi. Rana ba ta dukansu, ruwa ba ya dukansu. Har fanka akwai. Abinci da kansa yake zuwar musu, nono da kansa yake fitowa. Ba sai ta wahala ba, ko taɓa su ba sai ta yi ba."

"Fillo, kin zama hajiya," in ji Ma'u. "Shanunki sun riga ki hawa bene."

Adda ta danna ƙofar ginin. Wasu lambobi suka fito da hoton kwalba. Ta sake dannawa, lambobin suka koma.

"A buɗe su fito."

Bahijja ta karɓi wayar ta dudduba, ta shiga nan ta fita can. Murmushinta ya ragu. "Adda, ba ya buɗuwa. In an kai wannan matakin ba a ganinsu kuma."

"To a rushe."

"Ba ya komawa baya."

Daidai nan sai saniya ta yi kuka daga cikin jan ginin, kukan nan dai da ya taso ta daga kishingiɗe ranar farko, amma yanzu can ƙasa-ƙasa, ta bayan bango. Adda ta tabbata a ranta Wule ce. Ta ɗago ta dubi ƙofar ƙarfen ɗakinta, ta dubi fankar da take juyawa a ciki ba kowa. A karon nan fulako bai iya riƙe ta ba. Ta juya, ba wajen Bahijja ba. Ta dubi ɗanta ido cikin ido.

"Kai. Ka bar musu taga?"

Musaddiƙ ya waiga bayansa, don bai taɓa jin ta ce masa kai ba. Babu kowa a bayan nasa.

"Babu taga, Adda."

"Ai kuwa sun huta," in ji ta, muryarta a kwance. "Ba rana, ba ruwa, abinci har ɗaki. Ni ma haka aka yi mini. Sai dai ni na fi su, an bar mini taga."

Ma'u ta buɗe baki, ta rufe. Tun da aka san ta a unguwar ba a taɓa ganin haka ba. Ta ajiye kwanon waina a hankali ta ce bari ta je ta sallami baƙi. Musaddiƙ ya tsaya kamar an dasa shi, murmushin ya bushe a fuskarsa. Adda kuwa kunya ta rufe ta nan take. Ta ja mayafi ta shige ɗaki, tana jin haushin bakinta, tana kuma jin wani sauƙi a ƙirji da ta daɗe ba ta ji ba.

Washegari ba ta fito duba garke ba, don babu abin dubawa. Tana zaune da carbi bayan gari ya waye sai ta ji ƙarar ƙarfe a kan siminti. Ta leƙa ta tagar. Musaddiƙ ne da singileti, riƙe da diga, yana ɓamɓare bulon intalok ɗinsa, wanda ko yara ba ya bari su ja kujera a kai. Ya tara su gefe guda. Jar ƙasa ta bayyana a ƙarƙashi, da danshinta. Kusa da shi ga wani guntun icce mai kauri an fiƙe bakinsa. Adda ba ta buƙatar a gaya mata ko mene ne. Turke ne.

Ta fito tana dafa bango. Bahijja ta matso ta raɗa mata cewa tun jiya ya kira Kawu Daudu, an sami motar da za ta kawo Wule da ɗan maraƙinta ranar kasuwa. Daɗi ya kama Adda har sai da ta nemi wurin zama, amma fuskarta ba ta nuna ba, don abin da ya faru jiya ya isa haka.

Ma'u ta leƙo ta kan katanga. "Yau kuma me ake ginawa?"

"Rushewa ake," in ji Bahijja.

Musaddiƙ ya share gumi, ya ɗaga turken. Bai dubi matarsa ba.

"Adda, a ina ake kafa shi?"

Adda ta kawar da kai, ta gyara mayafinta.

"Bahijja, ki gaya wa mutumin nan ya matsa can, inda hantsi yake fara sauka. Daga bakin ƙofata nake so in riƙa ganinta." Sannan ta nuna zaure da leɓe, inda wasu sababbin kwanukan rufi suke jingine a bayan ƙofa, an ɗan lulluɓe su da buhu. "Waɗancan kuma ki ce ya mayar wa mai su."