Allurar da ke Gindin Randa

"Kai, Ɗanliti! Mi kake sha haka?"

Na same shi tsugune a zaure ya kafa kai a gora, ruwan ciki kore shar. Maƙwabcina ne a Ƙofar Guga, ɗan acaɓa, tun yana yaro yake fama da ciwon suga irin wanda sai da allura kullum. Ɗakinsa zafi kamar tanda, shi ya sa kwalbar maganin take zama a gindin randata, cikin jiƙaƙƙen yashi.

"Ruwan kududdufi ne, Inna. Daga Batagarawa na ɗebo. Tsutsar ciki nake nema."

Innalillahi! Wai wani fasinja ya nuna masa a waya: sojojin jikinsa ne suka juya suna yaƙar abin da ke sarrafa suga, in tsutsa ta shiga sai su koma kanta su ƙyale shi.

"Mu da tsutsa ta wahalar a ƙauye, kai gayyatarta kake?"

"Dubi cinyata, Inna. Ba inda ban huda ba. Na gaji."

Ya daina zuwa ɗaukar allura. Na kai masa, ya ce kada ta korar masa baƙi. Na zage shi, na lallashe shi, na aika wa uwarsa a ƙauye. Har Rifkatu, ma'aikaciyar jinya ta bayan layinmu, na jawo.

"A jikin ɓeraye aka gwada," in ji ta, "su ma kafin ciwon ya kama su. Naka ya riga ya zauna. Yi allurarka."

Ya yi dariya, ya ce gobe.

Ni fa zama ya gagare ni. In ɗora tukunya, in leƙa, in dawo, in sake leƙawa. Ranar Talata ban ji tashin babur ba. Na banka ƙofar ɗakinsa, ga shi kwance cikin amai yana jan numfashi da ƙarfi, bakinsa na warin ruɓaɓɓiyar ayaba.

"Inna," ya ce, "kawo allurar."

Na ruga ba ko mayafi, na ɗauko kwalbar, na kira Rifkatu. Rifkatu ta dube shi, ta ce ya wuce nan, sai asibiti. Kafin la'asar ya cika. Uwarsa ta iso an riga an kai shi. Har yau haushinsa nake ji, wallahi, ina yi ina kuka.

Washegarin rasuwarsa na zo ɗiban ruwa, hannuna da kansa ya yayyafa wa yashin. Kwalbar tana inda na mayar da ita, sanyi ƙalau, ko rabi ba a zuƙa ba.