Tsagar da Duba-gari Bai Gani Ba

Tun da aka kai Sodangi makwancinsa, matarsa Kyauta ba ta ƙara sakewa a ɗakin nan ba. Shi ne ɗaki na ƙarshe a gidan hayar Alhaji Labaran, can bayan kasuwar Dutsin-Ma, inda suka sauka da suka baro Wurma neman na tuwo. A nan ya yi jinya, a nan ya cika, a nan kuma aka ce ta yi takaba.

Ba ta gaya wa kowa ba, amma tsoron ɗakin take ji. Da rana tsaka, mata na daka a tsakar gida, sai ta ji gado ya motsa kamar wani ya juya a kai. Wani lokaci a ja numfashi a bayanta, irin jan da yake yi in zai roƙi ruwa. Ta so mijinta, Allah shaida, sai dai wannan zama ya fi ƙarfinta. In kuwa ta tattara ta koma Wurma da ƙafarta, har jikokinta sai an goranta musu cewa kakarsu ta gudu daga ɗakin mijinta.

Ana haka sai labari ya zo cewa duba-garin En'e na bin gidajen haya saboda ruwan saman bana, duk ɗakin da bangonsa ya tsage a ranar ake fitar da mai shi. Murna ta kama Kyauta. Akwai tsaga a bayan gadonta wadda hannu ke shiga, ba a ganinta daga waje. In hukuma ce ta fitar da ita, wa zai ga laifinta? Da hantsi ta janye gadon ita kaɗai, ta share wurin tas don kada ido ya kuskure.

Malam Sabitu duba-gari ya iso cikin kakinsa, Alhaji na biye yana ta fara'ar dole. Ya leƙa salga, ya bi kwata, ya tsoma ludayinsa a randunan mutane. Kyauta na hango takalminsa ta ƙarƙashin asabari har ya tsaya a ƙofarta.

Sai ga Talatu mai ƙosai, wadda ta fi kowa daɗewa a gidan, ba ta kuma taɓa barin magana ta kwana a cikinta ba. Ta tare ƙofar.

"Ina zuwa, Malam?"

"Ɗaki zan duba, Inna."

"Ba wanga ba. Mai haya na da haƙƙinta. Ko Alhaji da ke da gidan bai ɗaga asabarin ga sai an ce mai bismilla, balle kai. Kuma mai takaba ce ciki."

Malam Sabitu ya ja da baya, kunya ta kama shi. Mutumin kirki ne, abin takaicin ke nan.

"Allah shi jiƙan musulmi," ya ce. Ya sassauta murya. "Baiwar Allah, ba ni shiga sai da izininki. In akwai abin da kike son in gani, ki ce in shigo."

Har masu daka a tsakar gida suka tsaya. Kyauta ta buɗe baki. Amma ta yaya mai takaba za ta ce wa baƙon namiji ya shigo mata ɗaki, gida duka na saurare? Ta mayar da bakin ta rufe.

"Ka dai ji," in ji Talatu. "Ba ta so."

Ya yi sallama ya wuce. Mata suka hau yaba wa Talatu, ita kuwa sai hura hanci take. Ta leƙo da kai, fuskarta cike da tausayi.

"Kwantar da hankalinki, ɗiyata. Muddin ina gidan ga, ba mai fidda ki."

"Na gode, Inna," in ji Kyauta.

Talatu ta saki asabarin, ta jawo mata ƙyaure don kada hayaniya ta dame ta.