Fulogin da Ya Shiga a Karkace

Ni na fara gani, kafin kowa. Kai, ba ma gani ba ne, ji na yi. Ina zaune a kan benci a bakin gareji, taku goma daga motar, na ji wani ƙiii siriri kamar an ja ƙusa a kan kwano. Na ce a raina, shi ke nan, fulogi ya shiga a karkace.

Wanda ya yi ɓarnar ɗana ne na cikina. Injiniya nake ce masa tun da ya dawo da wata takarda ya liƙa a bango. Ni ban taɓa zama a aji ba, amma shekara arba'in da biyu na yi a ƙarƙashin mota. Babbar mota ta zame daga jak ta tafi da yatsuna biyu, na tashi. Gareji ya ƙone ƙurmus, na sake kafa shi. A garejin nan ne, da safiyar ranar, Injiniya ya russuna ya ce mini, "Baba, daga gobe ka riƙa hutawa a gida. Kana sa baki a aiki, masu mota suna ruɗewa."

Wai ni ne mai ruɗa mutane! Na ce to, na koma kan benci.

Motar ta Mai Ƙwai ce, wata mata da ke raba ƙwai a shaguna, kiret-kiret a kujerar baya, rana tana dukansu. Canjin fulogi kawai ta zo yi. Injiniya ya fizge wayoyin huɗu gaba ɗaya bai yi wa ko ɗaya alama ba, inji da zafinsa. Maimakon ya fara murza fulogi da yatsa ya ji ya hau hanya, sai ya ɗora masa bindigar ɗaure noti. Fulogi fa! Ko tayar tirela ce ai ka lallaɓa ta.

Ya tayar da mota. Ta yi tari, ta hau rawa, salansa ya buga tau! Mai shayin da ke gefe ya watsar da kofi.

"Da ƙafarta ta zo nan!" in ji Mai Ƙwai. "Me ka yi mata?"

Injiniya ya warware fulogi na uku da ƙyar, ya leƙa ramin da fitila. Haƙoran da fulogi ke bi sun cinye daga sama. Gumi ya keto masa.

"Sai an sauke kan inji," ya ce a hankali. "Kwana biyu."

"Kwana biyu? Ƙwan dafawa za ka yi ka ci?" Ta juyo gare ni. "Baba, kana zaune kana kallo?"

"Hutawa nake, 'yar nan. An ce ina ruɗa mutane."

Ya daɗe a tsaye yana goge hannu da tsumma, hannun da babu komai a jikinsa. Sannan ya tako.

"Baba."

"Ban ji ba."

"Baba, don Allah."

"Kira takardar bango ta sauko ta gyara."

Mai shayi ya fashe da dariya. Na miƙe, ba don Injiniya ba, don matar.

Na sa aka bar inji ya huce, aka kwashe ƙwan zuwa inuwa. Na ce Injiniya ya ɗauko tsohon fulogi ya kama shi a bais, abin matse ƙarfe, ya yi masa tsaga uku a tsaye da zarto, ya cika tsagar da giris don ya kwaso garin ƙarfe kada ya faɗa cikin inji. Na karɓa na kai bakin ramin. Ya ƙi zama. Na sake, ya ƙwanƙwasa gefe. Kada wani ya ce hannuna ne ya yi rawa, iska ce ake yi a wurin. Na dai miƙa masa.

"Kai ka ɓata, kai za ka gyara. Da yatsa, sakarai! Murza baya sai ka ji ƙas. Ka ji? To yanzu gaba, rabin juyi. Dawo. Fitar, goge, ƙara giris."

Sau tara ya shiga ya fita, ina tsaye a kansa ina zazzaga masa. A na goma sabon fulogi ya bi hanya sumul har ƙasa. Na sa ya ɗaure da sifana kaɗan, ba irin ɗaurin mahaukata ba. Wayoyin kuwa ya sa ta uku a gurbin ta huɗu, na nuna masa da sandata ban ko sunkuya ba.

Motar ta tashi bugu ɗaya, tana gurnani lafiya lau. Mai Ƙwai ta loda kayanta ta tafi tana faɗa har kwana.

Da yamma ya zo ya tsaya kusa da ni yana sosa ƙeya.

"Baba, gobe akwai wata mota mai matsalar giya. Ƙarfe nawa za ka fito?"

"Ina hutawa," na ce.

Ƙarfe bakwai na riga shi zuwa, amma wannan ba don shi ba ne.

Duk wanda ya ce ƙarya nake, ya kawo motarsa, ya ɗaure mini ido da ƙyalle, ya cire waya ɗaya ya tayar. In ban faɗi wadda ya cire ba, ya aske mini gemu a gaban jama'a.