Reshen da Inna Ta Hana a Sare

Tun ranar da aka kawo ni gidan nan, abu biyu na surukata Inna Kaltume suka tsaya mini a rai. Na farko, ba ta kwana ko'ina sai ɗakinta. Biki ne ko rasuwa, ko a Kwanar Dangora ake yi, kafin magariba ta dawo. Ta ce sau ɗaya aka tashe ta, lokacin da ruwan madatsar Tiga ya ci garinsu, kuma ba mai sake tashinta sai masu makara. Ƙyauren ɗakin ma daga tsohon garin aka ɗauko shi a ka.

Na biyu, yadda take kiran mijina. Badamasi ne babba a 'ya'yanta, amma sai ta tsaya tsakar gida ta buɗe murya, "Badamasi!" kai ka ce ɗan maƙwabta za ta aika. Mu a gidanmu, har uwata ta bar duniya ba ta taɓa kama sunan yayanmu ba, "wancan" take cewa. Na taɓa tsokanarsa na ce, "Baban Muhsina, wai a ina Inna ta ajiye kunyar ɗan fari?" Ya ce ƙila ruwa ya tafi da ita tare da garin. Muka yi dariyarmu.

A ƙofar ɗakin nata akwai ɓaure, ƙato, inuwarsa ta rufe rabin gidan. Ba wanda ya dasa shi. Inna ta ce shekarar da suka zo nan ya tsiro a gindin katanga, marigayi mijinta ya zo zai tumɓuke shi lokacin yaɓe, don saiwar ɓaure ba ta barin gini lafiya, ta hana. A faɗarta, tsuntsu ne ya ci ɓauren garinsu, daga itatuwan da kawunansu suka rage a saman ruwa, ya zo ya yi kashi a nan. Ko haka ne ko ba haka ba, ni dai ban isa in yi musu ba.

Tsuntsun kuwa har gobe yana nan. Mu Mai-gemu muke ce masa. Bayansa baƙi ƙirin, ƙirjinsa ja wur, ga baki kauri kamar an aro masa na wani, ga gashi cirko-cirko a gindin bakin. Kukansa ba daɗi, wani gurnani ne kamar ana jan zarto a ɗanyen itace. Ɓaure yake haɗiya, in babu ya sauka kan gwandata, abin da ya fara haɗa ni da shi ke nan. Ba ya saƙa sheƙa irin ta sauran tsuntsaye. Busasshen reshe yake nema, ya yi ta sara da bakin nan har ya huda rami, a ciki yake ƙwai, a ciki yake kwana.

To ɓaurenmu yana da busasshen reshe guda, kauri kamar cinyar bijimi, kuma daidai kan kwanon ɗakin Inna ya miƙe. Tun rani Badamasi yake cewa zai sare, kamun kifi bai bar shi ba, kullum yana kan ruwa da kwalekwale. Sai da gabas ta fara haɗa hadari sannan ya wasa gatari ya jingina tsani ya hau.

Inna tana zaune a tabarma tana tsince wake. Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Badamasi, sauko."

"Inna, reshen nan zai faɗo miki."

"Kasa kunne tukuna."

Muka kasa kunne. Daga cikin ramin da ke ƙarƙashin reshen sai ga wani ɗan tsiu-tsiu. Kafin mu ce wani abu Mai-gemu ya sauka da ɓaure a baki, ya cusa kai ya fito. Yana tashi wani ya zo, bayansa wani. Ashe su ba uwa da uba kaɗai ke ciyarwa ba, gayya suke yi, duk dangin kowa da nasa.

Badamasi ya ce, "Inna, tsuntsu ne fa. Ya haƙa wani."

"'Ya'yan ne za su haƙa? Ko gashi ba su yi ba. Bari su fita da kansu, ka sare har gindi in ka so."

Ni fa raina ya ɓaci, ban iya ɓoyewa ba. Na ce, "Haba Inna! A kan ɓarayin gwanda za ki kwana ƙarƙashin mutuwa? In abin nan ya faɗo da wane ido za mu dubi mutane?"

Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Badamasi ba mai yawan magana ba ne, amma ran nan ya tsaya kai da fata. Ya ce ɗaya biyu: ko ya sare reshen yau, ko Inna ta bar ɗakin har tsuntsayen su fita. Na gane dabararsa. Ya san ko sama da ƙasa za su haɗu Inna ba za ta bar ɗakin nan ba, don haka reshe ya saru ke nan. Har ya sake ɗora ƙafa kan tsani.

Wallahi sai tsohuwar nan ta ture faifan wake, ta dafa ƙasa ta miƙe, ta shiga ɗaki. Ta fito da buzun sallarta da butarta. Ta dube ni ta ce, "Salamatu, akwai wuri a ɗakin Muhsina?"

Muhsina 'yata ce, budurwa, ɗakinta kuwa ko akuya biyu ba za su juya a ciki ba. Haka muka kwashe gado da kwalla da adaka muka cusa. Da muka gama Inna ta ce a ciro mata ƙyauren. Badamasi ya ciro, aka jingina shi a bango kusa da kanta. Na ga yadda ta shafa shi, sai tausayi ya kama ni, faɗan da na shirya yi duk ya tsere.

Badamasi ya ga ta ci shi. Ya kwance igiyar kwalekwalensa, sabuwa dal, ya hau ya ɗaure busasshen reshen da na samansa mai rai, irin ɗaurin da suke yi wa jirgi in ruwa ya yi fushi. Mai-gemu uku suna kansa suna gurnani, shi kuma yana ce musu, "Ku yi ta zagina, marasa godiya."

Daga nan Inna ta sami aiki. Da ta idar da walha sai ta shimfiɗa tabarma nesa da reshen, ta zuba wa ramin ido. Ita ta nuna mini yadda suke fitar da ƙazantar 'ya'yan a baki su kai nesa su yar, wai sun fi wasu matan tsafta, tana faɗa tana kallona. Ita ta nuna mini yadda da yamma duk suke layi su shige ramin ɗaya bayan ɗaya, har ka rasa ina suke samun wuri. Amma ba ta barci. Muhsina ta ce kwana take tana juyi. Abinci ma sai ta taɓa ta ture. Ta rame, idanu suka faɗa. Kullum na kai mata kunu sai na leƙa ramin nan na ce a raina, ku yi ku girma mana, za ku kashe mana tsohuwa.

Ran wata Laraba da la'asar hadarin ya zo. Iska ta fara da kwashe mini shanya, sannan ta kama ɓauren tana girgiza. Muna tsaye a ƙofar ɗakin Muhsina muka ji ƙara, ƙararas! Reshen ya karye daga gindi. Kansa ya daki kwanon ɗakin Inna ya ɓarka shi, daidai inda gadonta yake a da. Amma igiya ta riƙe. Ya tsaya yana lilo tsakanin sama da ƙasa, ruwa yana zuba a kansa.

Na yi salati. Da ruwan ya tsagaita Badamasi ya shigo a jiƙe daga bakin ruwa. Ya ga kwanon, ya ga inda gadon yake, fuskarsa ta canza. Ban taɓa ganinsa haka ba. Ya wuce kai tsaye ya ɗauko gatari.

"Yau kam sai ya sauka. Da kina ciki fa, Inna? A kan tsuntsu?"

Inna ta fito cikin yayyafi ba ko mayafi, ta tsaya a gindin tsanin.

"Ajiye gatarin nan in gaya maka abin da ban taɓa gaya maka ba."

Ya tsaya.

"Kai ba kai ne na fari ba."

Ta yi maganar a hankali, idonta a ƙasa. Ta ce lokacin da aka ce a tashi tana da ɗanyen goyo, ko arba'in ba ta yi ba. Tsofaffi suka ce a bar mai jego ta yi ƙwari, amma ruwa ya riga ya shigo gonaki, kowa ta kansa yake. Suka iso nan ɗakin ko jinka ba a gama ba. Ruwan sama ya same su a ciki, ta kifa ƙyauren nan a kansu, ita da jaririn, amma sanyi ya riga ya shige shi. Bai yi mako ba. Dangin da suka sani an raba su gari-gari, mijinta kuma har ya rasu bai sake ɗaga maganar ba.

"Ban riƙe kowa ba," in ji ta. "Kwana ne ya ƙare. Amma da an ɗan jira mana."

Sai na tuna tsokanar da na yi ta yi a kan kunyar ɗan fari. Ashe kunyar tana nan, mai ita ne ba ya nan. Na juya baya na yi kukana.

Badamasi ya daɗe a tsaye. Can ya jingina gatarin, ya hau tsani, ya ƙara wa reshen ɗauri, ya kawo gwafa ya tokare shi daga ƙasa. Yana saukowa Mai-gemu ya dira da ɓaure a baki, ya yi ta leƙe-leƙe don ƙofar ta karkace, sannan ya gano ta ya cusa kai. Muka ji tsiu-tsiu.

Da Badamasi ya zauna sai ya ce, "Inna, yaya sunansa? In riƙa sa shi a addu'a."

Ta kawar da kai. "Ni zan faɗa? Sunan limamin garinmu na can aka sa masa."

Duk unguwar ba wanda ya tuna limamin. Sai aka ce akwai wani tsoho, Baba Mudi, wanzamin tsohon garin, yana wajen 'yarsa a Tudun Wada. Badamasi ya ce zai je in ya sami sarari.

'Ya'yan Mai-gemu sun ɗauki lokacinsu, kamar sun san ana jiransu. Suka fara leƙo kai, bakin nan ya fi kan girma, Muhsina ta ce sun yi kama da kawunta Tasi'u. Wata safiya Inna ta ƙwala kira. Muka fito muka tarar da guda biyu a kan reshen sama, jan ƙirjinsu bai gama nuna ba, manyan suna kewaye da su. Da rana ta ɗaga suka bi dangi zuwa kurmin bakin rafi.

Inna ta ce, "To, yanzu sare."

Badamasi bai sare ran nan ba. Ya hau babur ya nufi Tudun Wada, sai bayan la'asar ya dawo. Ya tarar da Inna a tabarma, ya cire takalmi ya durƙusa a gabanta. Ya gaishe ta, ta amsa.

"Inna, Baba Mudi yana gaishe ki. Ya ce shi ya yi masa askin suna." Ya sunkuyar da kai. "Allah ya ji ƙan Yaya Shitu."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Kafaɗunta suka yi ta rawa. Can daga cikin mayafin muka ji ta ce, "Amin. Sake faɗa."