Fuskar da ke Jikin Allon Silima

Sau uku Muntari mai fenti yana zana dodo, sau uku Kwaran, wato Balaraben da ke da gidan silima a Sabon Gari yana dawo masa da allon. Takardar tallar da ta zo tare da fim ɗin ruwan sama ya lalata ta a cikin mota, ga shi ana son nuna fim ɗin ban tsoro a makon bikin 'yancin kai.

"Wannan dariya zai ba mutane," in ji Kwaran. Gaskiya ya faɗa, don dodon ya fi kama da bunsuru mai mura. "Bar ƙaho da farce. Fuskar mutum nake so, ta cika allo. Ido a buɗe, baki a buɗe. Mutum ya tsorata, amma ya kasa kau da kai."

Muntari ya san fuska ɗaya irin wannan. Da damina amininsa Siddiƙu ya nutse a Gulbin Rima yana ƙetarar da shanu, sai bayan kwana biyu aka tsamo shi. Muntari da liman suka yi masa wanka. Abin da mai wankan gawa ya gani amana ne, ba a faɗa. Da Inna Tasalla, mahaifiyar mamacin, ta tsare shi da tambaya, ya ce mata ɗanta ya tafi kamar mai barci, har da ɗan murmushi. Da maganar nan take ta lallashin kanta wata biyu, duk wanda ya zo gaisuwa sai ta maimaita masa.

Wallahi bai zauna da niyyar zana amininsa ba. Ya dai ɗauki buroshi da hantsi, kafin azahar ya gama. Kwaran ya duba, ya ja da baya, ya ce a ɗora a amalanke yanzu-yanzu.

Aka zaga gari da allon ana kaɗa ƙararrawa, Muntari na biye yana jin daɗi. Mata na salati suna rufe ido, suna leƙe ta tsakanin yatsu. Wani mahauci ya yanke hannunsa garin kallo. Mutanen da suka rantse ba za su taɓa taka silima ba, su ne kan gaba wajen tambayar ƙarfe nawa za a fara.

A bakin kasuwa amalanken ya tsaya, saboda wata tsohuwa mai fura ta tare hanya. Ƙwaryarta ta kife a ƙasa, ko kallonta ba ta yi ba. Inna Tasalla ce.

Sai a lokacin Muntari ya kalli aikinsa da kyau. Ga tabon ƙahon bijimi a girar hagu. Ga wushirya. Duk ya zana su, bai bar ko ɗaya ba.

"Muntari," ta ce a hankali, "wa kaz zana nan?"

"Dodo na, Inna. Na silima na."

"Dodo? Tabon ga ni nis sa mishi magani da hannuna." Ta juyo ta dube shi. "Kai kac ce mani awa mai kwana yat tahi. Kac ce har yana murmushi."

Mai ƙararrawa ya damƙe ta a tafinsa.

Ta matsa jikin allon, ta goge ƙurar da ta hau kumatun da bakin mayafinta. Sannan ta ɗaga hannu ta shafa idanun daga sama zuwa ƙasa, yadda ake yi wa mamaci. Ta sake shafawa. Fenti ya ɓata mata yatsu, idanun suna nan a buɗe.

"Ɗana," ta ce, "ko idanun ba ku ruhe mishi ba?"