Injin Hagun Gwaggo

Shekara talatin da takwas mahaifina ya yi yana gyaran jirgin sama guda ɗaya, bai taɓa tashi a cikinsa ba. Jirgin fasinja ne mai farfela biyu, wanda aka ƙera tun kafin a haifi Baba, kuma har yau yana jigila sau biyu a mako zuwa wani gari na bayan duwatsu, inda mota take kwana biyu kafin ta isa. Ma'aikatan ƙaramin kamfanin da ya mallake shi suna kiransa Gwaggo. Idan tana tsaye hancinta yana sama, wutsiyarta a ƙasa, don haka mai neman kujerar gaba sai ya yi hawa kamar mai hawan tudu.

An sallami Baba daga aiki lokacin da idonsa ya fara mutuwa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma ɗan ganin da ya rage ba zai wuce 'yan watanni ba. Ni kuwa na yi shekara biyar a jami'a ina karatun injiniya, na yi uku ina yawo da takardu, na ƙare ina koyar da lissafi a wata makarantar da ba ta da ko rufin kirki. Tun ranar da na shiga jami'a Baba ya daina kiran sunana, sai Injiniya. Ban taɓa tantance ko yabo ne ba.

Da albashina na farko na sayi tikiti biyu, zuwa da dawowa a yini ɗaya. Baba ya kai takardar dab da idonsa, ya daɗe yana jujjuya ta.

"Ta taga ce?"

"Ta taga ce, Baba. Daidai fiffiken hagu."

"Matuƙa sun sha gaya mini wai fiffiken nan yana lanƙwasa a sama, kamar reshe. Ni na ɗaure kowace ƙusa a jikinsa, a ƙasa kuwa ko ka hau ka yi tsalle ba ya motsi. Shi nake so in gani. Duwatsun nan ku riƙe abinku."

Ranar tafiya muka isa filin da hantsi. Zauren jira ɗaki ne guda mai benci huɗu da fanka ɗaya, ga sikelin da ake auna kowane fasinja tare da kayansa. Fasinjojin Gwaggo iri biyu ne. Akwai waɗanda ba su da wata hanya: wata mata riƙe da ambulan hoton ƙirjin mijinta, wani malamin asibiti da akwatin allura mai ƙanƙara. Akwai kuma waɗanda suka keto ƙasashe don kawai su ce sun hau tsohon jirgi kafin ya mutu. Waɗannan su ne masu dariya. Ɗaya daga cikinsu, mai kyamara biyu a wuya, har ƙusoshin ƙofa yake ɗauka hoto.

Kyaftin, matuƙin jirgin, ya hango mu ya taho da sauri. "Kai! Maigidan Gwaggo da kansa! Yau amarya za a shiga ke nan?"

"Bayan ta tsufa a hannuna," in ji Baba. "Kai ma dai a hannuna ka tsufa. Har yanzu kana sauke mini ita kamar buhun siminti?"

Suka yi dariya. Baba ya sa fararen kayansa, waɗanda ba ya sawa sai ranar da ya ɗauka da muhimmanci. Na kama gwiwar hannunsa muka hau tsanin ƙofar baya, wadda take gefen hagu. Ciki warin tsohuwar fata da man jirgi, labulen tagogi sun koɗe har ba a gane launinsu. Na zaunar da shi, na ɗaura masa bel. Ya kafa goshinsa a gilashi.

"Ina ganinsa," ya ce. "Dishi-dishi, amma ina ganinsa."

Injin dama ya tashi da tarinsa da baƙin hayaƙinsa. Sai aka zo kan na hagu. Farfelar ta juya sau ɗaya, ta juya rabi, ta tsaya ƙiƙam da wata ƙara gajera. Baba ya ɗago kai daga gilashin.

"Kwana nawa ta yi ba ta tashi ba?" ya tambayi ma'aikaciyar jirgin.

"Kwana bakwai, Baba. An soke na tsakiyar mako."

"Je ki gaya wa Kyaftin kada ya sake taɓa makunnin nan. Maza, 'yata."

Na san dalili, domin na karanta shi a littafi na kuma ci jarrabawa a kansa. Irin waɗannan injuna, idan sun kwana da yawa, baƙin mai yana gangarowa ya taru a silindar ƙasa. Wanda ya tilasta musu da batir zai lanƙwasa ƙarfen ciki, ƙila ba a sani ba sai ana sama. Dole a juya farfelar da hannu, a hankali, a ji inda ta cije. Makaniken da ya gaji Baba dattijo ne shi ma, amma a kan manyan jiragen zamani ya yi aikinsa. Ta taga na gan shi yana shafa allon kwamfutar hannunsa yana kallon injin kamar wanda aka yi wa magana da baƙon yare.

Baba ya kwance bel.

"Baba, ku zauna. Ba aikinku ba ne yanzu."

"To na wa ne? Naka?"

Ya juyo ya fuskance ni.

"Ka taɓa kama farfela da hannunka, Injiniya?"

"A'a."

"To matsa ƙafarka in wuce."

Akwai wata doka a kan Gwaggo da kowa a filin ya sani: da zarar injin hagu ya tashi, ana janye tsani, ba mai shiga ba mai fita, domin iskar farfelar tana bugun ƙofar kai tsaye. Idan kuma aka kashe shi da zafinsa, sai ya yi sa'a guda yana gardama. Baba ne ya kafa dokar, shekarun baya, ranar da iskar ta jefar da wata tsohuwa daga kan tsani. Ya san da dokar nan lokacin da ya miƙe. Ni ma na sani. Na matsa ƙafata.

Aka kashe injin dama. Baba ya sauka, na zauna ina kallonsa ta gilashi. Ya laluba injin hagu da tafin hannu har ya sami abin da yake nema, ya karɓi sifana daga hannun magajinsa, ya kwance wani abu a ƙasa. Baƙin mai ya tsiyayo masa a hannun riga, ya gangaro har ƙirji. Ya mayar ya ɗaure, sannan ya sa kafaɗa ya fara tura farfelar, reshe bayan reshe, leɓensa yana ƙirgawa. Mai kyamara ya taso daga kujerarsa ya miƙo wuya ta kaina.

"Dubi wannan! Da hannu! Wallahi ko wannan kaɗai ya biya tafiyar. Ka san tsohon?"

"Mahaifina ne."

"Ka yi sa'a," ya ce, yana ta danna kyamara.

Da Baba ya gama, aka miƙa masa hannu a kai shi tsani, sai ya girgiza kai. Bai yarda da aikin da bai ji sautinsa daga ƙasa ba. Ya ɗauki tukunyar kashe gobara ya tsaya a inda ya tsaya shekara talatin da takwas, ya ɗaga yatsa ga Kyaftin. Ma'aikaciyar ta dube ni, hannunta a kan ƙofa, tana jira ko zan sauka. Na sha tambayar kaina me ya riƙe ni. Na gaya wa kaina cewa Baba zai yi fushi idan tikiti biyu suka tafi a banza. Gaskiyar ita ce kunya nake ji in tsaya kusa da shi a gaban mutanen nan, da digirina da hannuna fes. Aka janye tsani.

Injin dama ya tashi, na hagu ya bi shi lafiya lau. Baba ya karkata kai yana saurare, sannan ya yi wa magajinsa alama ya janye waigin tayoyi. Iska ta manna masa rigar da ta ɓaci a jiki. Bai ɗago mini hannu ba.

"Tunda ba kowa a nan, ko zan iya?" in ji mai kyamara. Kafin in buɗe baki ya tsallake ni ya zauna a kujerar Baba, ya toshe tagar da kafaɗarsa da gilashin kyamararsa. Minti hamsin muka yi a sama. Na ji rurin injuna a cikin haƙorana, na ji sanyi yana shigowa ta ƙasan ƙofa, na ga matar nan ta rungume ambulanta. A dawowa ma shi ya zauna a wurin. Ƙeyarsa na kalla, zuwa da dawowa.

Da la'asar na tarar da Baba a kan benci a zauren jira, man ya bushe a rigarsa.

"Ya lanƙwasa?"

"Ya lanƙwasa, Baba."

"Kamar yaya? Nuna mini."

Na buɗe hannuwana, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Bai iya gani sosai ba, sai ya kamo su, ya auna tazarar da ke tsakani da nasa yatsun masu kaushi. Ya daɗe bai sake ni ba.

"Da ya kai haka, Injiniya, da ba ka dawo ba."

Na koma wurin mai sayar da tikiti a ranar. Masu kyamara sun kama kujerun taga har na wata uku. Na karɓi ta farko da ta samu. Kafin ranar ta zo, Baba ya daina bambanta taga da bango, ya ce in mayar musu da abinsu.

Gwaggo tana wucewa ta saman gidanmu sau biyu a mako. Duk abin da Baba yake yi sai ya dakata, ya karkata kai har sautin ya ɓace, ya ce na hagu yana nan lafiya. Bai sake yi mini zancen fiffike ba.